Neman Akwatin Mai Tafireta

Tun da na dawo daga Nijar abokaina na majalisar bakin tasha a Kankiya suka hana ni sakat. Wannan ya ce ina tsaraba, wancan ya ce an ga na tafi da jaka ɗaya na dawo da ita yadda take, to me na je yi? Malam Sabi'u, da muke koyarwa a makaranta ɗaya, har yaɗawa ya yi wai aure na je nema aka koro ni. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi kowa yana ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in huta.

Tafiyar ta samo asali ne daga ɗakin Inna, mahaifiyarmu, a Kusada.

Yaya Lawal shi ne ɗan farin Inna, kuma ita irin mutanen da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallon fuskarsa, in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango, in ya kira ta sai ta aiki ɗaya daga cikinmu ya ji abin da yake so. Da yake aikin buga takardu yake yi a sakatariya, sai ta laƙaba masa "mai tafireta". Shi kuwa mutum ne mai barkwanci, yakan tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi ta kiran "Inna, Inna" don kawai ya ga yadda za ta ɗaure fuska tana danne dariya.

Shi ya fara kawo kwamfuta unguwarmu, ta hannu ce ya sayo daga Kano. Gida uku ce. Akwai gilashi mai ƙaton ƙeya irin na talabijin ɗin da, akwai madannan rubutu, sai wani akwatin ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin tebur, wanda ba mai kula shi sai dai a ji yana gurnani. Har daga Bauranya mutane ke zuwa kallo. Ya sa hotunan 'yan gida a ciki, nasa hoton kuma shi ke fara fitowa in an kunna. Na sha kama Inna ta tsaya a bakin taga da tsintsiya a hannu tana satar kallon gilashin, in ta ji motsi ta duƙa ta ci gaba da shara.

Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi. Ina kwalejin horon malamai lokacin, na zo aka yi bakwai da ni na koma, don haka ba na nan aka yi rabon gado. Da dattawa suka baje kayansa a tsakar gida, sai suka lissafa kwamfutar a matsayin kaya uku. Inna, wadda ba ta taɓa buɗe baki a kan wani abu nasa ba, ta aika wa Kawu cewa ita a ba ta gilashin, ko da shi kaɗai ne rabonta. Akwatin ƙarfen kuwa an ɗauka abin daidaita wutar lantarki ne, ya faɗa cikin rabon matarsa Maimuna da jaririyar da ya bari. Tana gama takaba ta koma gidansu a Maraɗi da shi.

Da na dawo hutu na ga gilashin a kan akwatin kayan Inna, an lulluɓe shi da farin ƙyalle mai ɗinkin furanni, take na gane ɓarnar da aka yi. Gilashi taga ce kawai. Ba ya riƙe komai, abin da aka miƙo masa yake nunawa. Hotuna da rubutu da duk abin da Yaya ya ajiye suna cikin wani faifai a cikin akwatin da ya ƙetare iyaka. Na san haka, amma na kasa gaya mata. Shekara goma sha huɗu ina kawo uzuri, yau babu wuta, gobe waya ta lalace, jibi sai an samo mai gyara. Ni ne kuwa malamin kwamfuta, kullum ina gaban ɗalibai ina zana musu bambancin abin da ke nunawa da abin da ke ajiyewa. Duk ranar Juma'a Inna kan yaye ƙyallen ta goge gilashin ta mayar.

Bana idanunta suka fara dushewa. Na kai ta asibiti a Katsina, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma yana bin sa a hankali. Muna dawowa gida ta zauna bakin gado ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Hamisu, a kunna mani kayan mai tafireta tun ina ganin haske. Ban ƙara roƙonka ba bayan wannan."

Da ƙyar na samo lambar Maimuna wajen wani mai fataucin gyaɗa. Ta ce akwatin yana nan, ta daɗe da kai shi wajen wani mai gyara. Ranar Litinin na ɗauki hutu, na sa laftof ɗina da sukudireba da kaya kala biyu a jaka. Inna na ce mata zan je sayo waya.

Daga Kankiya zuwa Katsina ba baƙuwar hanya ba ce, amma ko ita sai da ta nuna mani hali. Mu biyu aka cusa a kujerar gaba, ni da wata Hajiya mai fataucin daddawa, ita ma Maraɗi za ta. Ta ɗora mani ƙullin hajarta a cinya ta ce in riƙe mata tunda ni hannuna banza ne. Kafin mu kai Caranci taya ta yi faci, direba ya buɗe but ya tarar safayar ma a sace take. Muka yi awa guda a gindin wata bedi. A nan Hajiya ta tatse ni tas, daga sunan kakana har dalilin tafiyata. Da ta ji sai ta daina tsokanata da "ɗan boko", ta kwance bakin zanenta ta ba ni goro. Amma ƙullin daddawar bai bar cinyata ba har Jibiya, kuma kwanakin da na yi a Nijar duk inda na zauna sai wani ya ɗaga hanci ya tambaya ko ana kaɗa miya a kusa.

A Magama muka sauka aka duba takardu. Na zaci zan ji wani abu a jikina in na taka wata ƙasa, sai na ga gonakin gero iri ɗaya, jakuna iri ɗaya, har masu tallan fura ma kamar na san su. A ɓangaren Nijar wani jami'i dogo ya buɗe jakata, ya ga sukudireba da wayoyi.

"Mi za ka yi Maraɗi?" ya tambaye ni.

Na ce, "Rabin kwamfuta zan ɗauko."

"Rabi? Ɗaya rabin hwa?"

"Yana ɗakin tsohuwata a Kusada."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji abin dariya. Dole na ba su labarin a tsaye, mutane na jira a bayana. Ina zuwa wajen idon Inna sai dariyar ta ɗauke. Ya zuge mani jakar da kansa, ya miƙo mani takarduna ya ce, "Tahi, Allah shi sa a dace. Ni tawa ta rasu ko hotonta ban da shi."

Maraɗi kuwa Katsina ce ta sauya riga. Maganarsu tamu ce, sai dai sun fi mu riƙe ta yadda kakanni suka bar ta, sannan sun yayyafa mata Faransanci. Wutar lantarki kuran ce, kwalta gudoro, makaranta lakwal. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni yana jin daga inda na fito ya ce, "A'a, ashe masu tsaron gida ne. Ku riƙe mamu garin da kyau, mu ne Katsinawan asali, muna nan dawowa." Na ce masa in za su dawo su taho da kuran ɗinsu, don namu ya daɗe bai leƙo ba.

Maimuna ta yi aure, mijinta Alhaji Mamman tela ne, mutumin kirki mai yawan shiru. Ta fito zaure ta tsaya tana kallona, ta ce, "Hamisu ɗan makaranta, kai ne da furfura?" Muka yi dariya, sai kuma dariyar ta juye mata kuka. Ta kira 'yarta. Sunan Inna aka sa wa yarinyar, Ummi ake ce mata, rabona da ita tun tana goye. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni," ta ɗago ta yi murmushi, sai ga wushiryar Yaya Lawal a bakinta, har yadda yake karkatar da kai in zai yi magana. An kawo mani kwaɗon zogale da suke kira kopto, ya ji ƙuli da albasa, amma loma uku na iya yi. Kewar ɗan'uwana ta taso mani sabuwa fil kamar jiya aka binne shi.

A shagon ɗinkin Alhaji aka shimfiɗa mani katifa. Da safe na zaro laftof zan sa caji, na tarar kan wayata mai ƙafa uku ne masu faɗi, ramukan bangonsu kuwa biyu ne zagayayyu. Na juya ta nan, na juya ta can. Alhaji yana kan kekensa yana kallona, can ya jawo aljihun tebur ya miƙo mani wani ɗan mahaɗi ya ce, "Duk malamin da ya zo daga Najeriya sai ya yi wanga kokawa." Karin kumallo kuma burodi ne dogo kamar sanda, ɓawonsa har yanka dasashi yake. Na tambaya ko na jiya ne, Ummi ta ce yanzu aka fiddo shi daga wuta, haka ake son sa. Mu da muka saba da burodin da ake naɗewa a tafin hannu, sai da na jiƙa shi a shayi ya yi laushi kafin muka daidaita.

Muka je rumfar mai gyaran ni da Alhaji, muka tarar ana sayar da takalma a wurin. Maƙwabcin rumfar ya ce ai Malam Isufu ya tsufa ya koma garinsu Tasawa shekara biyar ke nan, ya kwashe tarkacensa kaf a babbar mota, ko ƙusa bai bari ba. Da muka koma gida Maimuna ta sunkuyar da kai ta ce, "Da na kai mashi ya ce in dawo bayan sati biyu. Kahin nan anka ɗaura mani aure. Na ji nauyin in riƙa bin kayan wani mijin ina gidan wani." Alhaji bai ɗago daga ɗinkinsa ba ya ce, "Da kin hwaɗa mani da ni zan kai ki." Shi ya raka ni tasha washegari.

Hanyar Tasawa miƙaƙƙiya ce, ta bi ta Agye da Gazawa, zafi kuwa kamar ana hura wuta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba wanda ya yi wa direba tsawa ko sau ɗaya. A motar Kankiya da yanzu an yi faɗa uku an shirya. Wani dattijo kusa da ni ya ɓare dafaffen ƙwai ya raba biyu ya miƙo mani rabi, bai tambayi ko sunana ba. Ni dai hankalina yana Kusada. Ina ta lissafin kwanakin da na yi, ina tunanin ko hasken da Inna ke gani ranar Litinin yana nan har yau.

Neman Malam Isufu bai yi wuya ba, kowa ya san gidan "mai matattun injuna". Tsoho ne ɗan siriri, da tabarau mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ɗaki biyu ya cika da kwamfutoci tun daga ƙasa har rufi, ko wace da 'yar takarda manne a jikinta, an rubuta sunan mai ita. Na fara yi masa bayani da sauri, ya ɗaga hannu ya ce sai an sha shayi. Shayinsu kuwa zagaye uku ne a 'yan ƙananan kofuna, ba a tashi sai an gama na ukun. Ina zaune kamar a kan ƙaya, shi kuwa yana ta ɗaga buta sama yana tsiyayawa.

"Kai malamin odinata ne ka ce?" Haka suke kiran kwamfuta. "To ka taɓa ganin kakarta?"

Ya miƙa hannu ya zaro wani kati mai tauri, duk jikinsa ƙananan huji.

"Ina saurayi a Yamai, injin da munka yi ma aiki ya cika ɗaki ya hi wanga girma. Babu gilashi, babu komi. Da wanga kati muke yi mashi magana. Inda akwai huji, e ke nan. Inda babu, a'a. In kati guda ya ɓace cikin ɗari, aikin sati ya tashi. Ubangidana ya ce na gabanshi ma da ƙwai-ƙwai suke aiki kamar na hitila, suna zahi suna mutuwa, ana bi ana sauyawa. Daga baya anka samu wani ɗan abu kamar ƙwayar wake da ke yin aikin ƙwan, ba zahi. Sannan anka koyi tara su jingim bisa abin da bai kai hwarce ba. Shi ne ƙwaƙwalwar da ke cikin taka jaka."

Ya nuna mani faifan tef irin na da, da fulofi mai faɗin murfin kwano, da ƙaraminsa mai shiga aljihu. Ya ce girma ne kawai ke raguwa, sauri na ƙaruwa, amma maganar ba ta sauya ba tun zamanin kati. Wuta ta wuce ko ba ta wuce ba. "Hoton ɗan'uwanka da duk abin da ya bari, e ne da a'a anka jera, ba wani abu ba." Shekara nawa ina koyar da wannan daga littafi, amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai da na riƙe katin nan a hannuna ina tunanin fuskar Yaya.

Bayan kofi na uku ya tashi ya shiga ɗaki na biyu. Bai yi minti biyar ba ya ce in zo in ɗauka. Takardar jikinsa ta yi ja, an rubuta "Maimuna matar marigayi". Na gane shi tun kafin in karanta, don ga tabon kofin shayin Yaya a samansa. Tsohon ya ce, "Ban zubar da kayan mutane. Mai abu yana zuwa, ko ɗanshi."

Muka kwance shi a kan tabarma. Ciki duk ƙura da yanar gizo, har da ɓawon ƙwan ƙadangare. Babban allon da komai ke maƙale a kansa ya riga ya mutu, shi ne ma abin da ya hana shi tashi tun farko. Malam Isufu ya zare wani siririn abu mai kama da mataji ya ajiye gefe. "Wanga tabarmar shanya ce. Muddin da kuran tana riƙe da abin da ake aiki da shi, ana ɗaukewa ta manta komi. Rumbun muke nema." Ya kwance ƙusoshi huɗu ya fiddo faifan ajiyar, ɗan ƙarfe mai nauyi da bai fi tafin hannuna ba. A cikinsa akwai faranti mai juyawa da wata allura da ke shawagi a kansa tana karantawa. Mahaɗinsa irin na da ne, faffaɗar waya mai haƙora da yawa, laftof ɗina ba shi da inda za a sa ta. Ashe da ma da na samu akwatin a Maraɗi ba abin da zan iya yi da shi ni kaɗai.

Ya haɗa faifan da wata tsohuwar kwamfutarsa mai rai, ya kunna. Shiru. Ya kara kunnensa, ya kashe, ya sake kunnawa. Shiru.

"Ya daɗe kwance, allurar ta manne," in ji shi.

Ya cire shi, ya ɗora a tafin hannunsa, ya yi bisimilla, ya murɗa wuyan hannunsa da sauri sau biyu kamar mai buɗe murfin kwalba. Ya mayar ya kunna. Sai muka ji wani siririn kuka yana tashi a hankali.

"Ya tashi. Amma ka ji ni da kyau, wataƙila wanga ne tashinshi na ƙarshe. Abin da ka hi so shi za mu hwara ɗauka."

Sunayen ma'ajiyoyin suka fito a gilashi, yadda Yaya ya rubuta su da hannunsa. Wasiƙun ofis, Hotuna, Murya. Na kai hannu kan madannai na rikice, don nasu na Faransa ne, haruffan ba sa inda na san su. Tsohon ya ture hannuna ya ce in faɗa kawai. Na ce hotuna, saboda idon Inna. Suka fara tahowa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu rabi hoto rabi toka, wasu ma ba sa buɗuwa. Uku suka fito lafiya. Ana cikin haka faifan ya fara wani ƙas, ƙas, ƙas. Malam Isufu bai jira ni ba ya shiga Murya ya jawo na farkon da hannunsa ya faɗa a kai. Yana gama shigowa kukan ya sauka ya tsaya. Muka yi ta murɗawa har la'asar, bai ƙara motsi ba.

Ya sa abin ji a kunnensa ya saurari muryar kaɗan, ya cire. "Akwai magana, ba ta da tsawo. Ba tawa ba ce, ban ƙarasa ji ba." Ni ma na ƙudura ba zan ji ba sai tare da Inna. Ya zuba mani su a filashi, ya naɗe mataccen faifan a takarda ya ba ni. Akwatin kuwa na bar masa, ya ce zai zauna cikin 'yan'uwansa.

Na kwana a zaurensa, da safe na kamo hanya. A Maraɗi na tsaya na zuba wa Ummi hotunan da muryar a wayar mahaifiyarta, na roƙe su kada su kunna sai na bar gidan. Ummi ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Baba, ashe haka yake." A iyaka na duba ko zan ga dogon jami'in nan in gaya masa an dace, ba shi ke aiki ba ranar.

Ranar Juma'a da hantsi na isa Kusada. Na tarar da Inna a tsakar gida tana laluben butarta da hannu, ga ta kuwa a gabanta. Kwana biyar kacal, amma sai na ga kamar abin ya ƙaru. Na aro janareta wajen maƙwabcinmu. Tun a hanya na yanke shawarar ba a laftof zan nuna mata ba. Na shige da shi ƙarƙashin gado, na jawo waya daga jikinsa zuwa bayan tsohon gilashin, na ɓoye 'yar lasifika a gefe, ina addu'a kada shekara goma sha huɗu ta kashe shi. Ya yi wata ƙara, ya yi warin ƙura mai zafi, sai haske ya taso a hankali, kore-kore. Ga Yaya Lawal a tsaye jikin babur ɗinsa, da farar riga, yana dariya.

Na kamo hannun Inna na zaunar da ita a gabansa.

"Ai na ce maku yana ciki," ta ce. "Ku 'yan boko ba ku jin magana."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta matsa har hancinta na kusan taɓa gilashin. Ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta karkata kai. Ta ɗora yatsunta a kai tana shafawa. Can ta ce, "Ina ganin fari. Riga ce ko?" Na ce riga ce. "Fuskar ce ba ta fito ba." Ta faɗe shi a hankali, ba da ƙorafi ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da bara na je, ko bara waccan, da ta gani. Ni na cinye mata shekarun nan da uzurina, kuma na san wannan zai bi ni har kabari.

Na ce, "Akwai saura, Inna." Na duƙa ƙarƙashin gado na danna.

Aka ji shuu, aka ji ana bubbuga makirfo da yatsa. Sai muryarsa ta cika ɗakin, garau, kamar yana bakin ƙofa.

"Ɗaya, biyu. To, ya kama. Inna! Inna, zo ki ji abin mamaki, injin nan yana ɗaukar magana. Inna!"

Daga nesa ana jin daka da kukan kaji. Sai muryar Inna ta wancan lokaci, mai ƙarfi, ta ce, "Kai Hamisu, je ka ji abin da mai tafireta ke so."

Yaya ya fashe da dariyarsa. "Kun ji ta ko? To shi ke nan. Ina nan ina kira, wata rana sai kin amsa."

Ƙit, ya ƙare. Iyakarsa ke nan.

Inna ba ta motsa ba. Hannunta yana kan gilashin, janareta na ta ruri a waje. Ta gyara mayafinta ta ce, "Maido shi farko. In ka maido ka je ka duba mani awakin nan, tun safe ba su sha ruwa ba."

Na san awaki sun sha ruwa, ni na ba su da na shigo. Na danna, na fita na saki labule, na tsaya a jikin bango. Na ji shuu ɗin, na ji bubbugar yatsa, na ji ɗaya, biyu. Ya ce, "Inna!"

A hankali, daga bayan labulen, na ji ta ce, "Na'am, Lawal."